Manang Prisca da Tiyon Lakay Camsol

Ƙanen mijinta na aura, don haka shekara arba'in da 'yan kai ke nan muna gida ɗaya da Manang Prisca, bangon kwano ne kawai tsakanin ɗakin girkina da nata. Abin da zan faɗa a kanta ba a bakin wani na ji shi ba.

A Kabalisan aka haife ta, ƙauyenmu da ke maƙale a gefen dutse, tafiyar awa uku a mota kafin a kai birnin Baguio. Ubanta ne ke yanka aladu idan za a yi wa kakanni hidima. Uwarta kuwa ta yi suna wajen haɗa giyar shinkafa, kuma Prisca ta gaje ta har ta fi ta. Aji huɗu ta yi a makaranta aka cire ta, ta koma gonar kabeji. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tana goya kwandon da namiji sai ya yi nishi kafin ya ɗaga shi, ta hau gangare da shi tana magana kamar ba komai a bayanta.

Ranar da aka kawo ni gidan, ta kama hannuna ta juya shi, ta ce, "Ke ce Norma? Ading, wannan hannun bai taɓa gaisawa da fartanya ba. To, za mu gani."

A wurinmu Ading ake ce wa ƙane ko ƙanwa, Manang kuma yaya mace, Manong yaya namiji. Kwana uku ina kuka. A rana ta huɗu ta kawo mini dafaffen dankali a ganye, ta zauna ta nuna mini yadda ake dashen kabeji. Ba ta ba ni haƙuri ba, don a lokacin ba ta san hanyar da ake bi a yi hakan ba.

Faɗanta kowa ya san shi. Wani mai sarin kayan lambu daga La Trinidad ya taɓa cewa kabejinta tsutsa ta ci, ta ɗauki guda ta jefa masa ta tagar mota, ya same shi a kunne. Tana taunar moma, haɗin ƙwaya da ganye da muke ci kamar goro, daga safe har yamma, bakinta ja wur, idan ta tofar a gabanka ka san magana ta ƙare.

Mijinta, Manong Sebio, mutum ne mai sanyin hali, sai dai yana sha. Shekarar da Fasto Ambros ya zo ƙauyen ya fara gina ɗan coci da katako da kwano, Sebio ya je taya rufi don an ce za a dafa kaza. Ya zauna ya ji wa'azi, ya sake komawa, bayan wata biyu ya daina sha. Wata matar da murna za ta yi. Prisca ta hau faɗa.

"Giyar da mutane ke hawo dutse su sha, ita ce mijina zai kau da kai ya ce ba ya so? Me wannan siririn mutumin ya ba ka?"

Ranar Lahadi ta tafi don ta ci wa faston mutunci. Ta zauna a bencin baya ta harɗe hannu, tana jira a tashi. Da aka tashi sai ta wuce gida ba ta tare shi ba. Lahadin da ta biyo ta koma, ta ce mini bai gama maganar da ya fara ba, tana so ta ji ƙarshenta kafin ta yi masa. Kafin damina ta fita an yi mata baftisma a rafin ƙasa, ni ma na bi bayanta da wata shida.

Cocinmu na masu koyarwar tsarki ne. Fasto Ambros yakan ce tuba mataki ne na fari: an gafarta maka abin da ka aikata, amma abin da ke sa ka aikatawa yana nan zaune a zuciya. Akwai aiki na biyu da Ruhu Mai Tsarki ke yi, idan mutum ya miƙa kansa dukka bai rage komai ba, sai a wanke zuciyar ta cika da ƙauna. Wata rana ya shigo da aya-aya a hannu, da ƙasarta da komai, ya ɗaga ya ce mu manoma ne, ba sai ya gaya mana bambancin yanke ganye da tone saiwa ba. Ba a shan giya a wurinmu, ba taba, ba moma, mata ba sa sa 'yan kunne. Bayan wa'azi akan buɗe bagade, wanda zuciyarsa ta yi nauyi ya fito ya durƙusa. Kafin wa'azi kuma akwai lokacin shaida, kowa ya tashi ya faɗi abin da Allah ya yi masa a makon.

Prisca ta yi shekara uku tana zuwa bagaden nan tana komawa. Giya ta bari tun farko, ta kwarara randa huɗu a bayan gida, aladunmu suka yini suna tangaɗi. Moma ce ta ba ta wuya, da baki. Sai a wani taron farkawa da aka yi a filin makaranta cikin watan huɗu, ta durƙusa tun safe har rana ta take. Da ta miƙe fuskarta duk hawaye, ta ce, "An gama. Na ba shi duka, ya karɓa."

Kuma gaskiya ta canja, ni shaida ce. Ta bar zagi. Da can idan tana shirya kwando, ƙanana da masu tabo take sawa a ƙasa ta rufe da manya, kamar yadda kowa ke yi. Ta daina, har masu sari suka bar buɗe kwandonta. Sai dai wani sabon hali ya shigo. Takan tsaya a ƙofar coci tana gaisawa da maza, ta matso kusa tana shinshina bakinsu. Idan ta ga yarinya da huda sabuwa a kunne, uwar yarinyar za ta sha magana. Ana ganin girmanta, ana kuma kauce mata.

Sai shekarar da ruwa ya yi jinkiri. Rani ya ja har watan biyar, maɓuɓɓugar da ke saman gonakinmu ta koma 'yar tsiyaya. Gida takwas ke jan ruwa daga wurin, kowa da baƙin tiyonsa da ke gangarowa zuwa gonarsa. Maƙwabcin gonar Prisca shi ne Lakay Camsol, tsoho mai bin al'adar kakanni, mai son tsokana, wanda tun da ta shiga coci yake kiranta Uwar Tsarki. Wata safiya ta tarar tiyonta ba ya kawo ko ɗigo. Ta hau ta duba, sai ta ga tsohon ya ɗaga bakin nasa ya kai shi sama da nata, ya danne da dutse. Ta mayar. Washegari ya sake. Ta yi masa magana, ya ce, "Ki roƙi Allahnki ya yi miki ruwa mana, tunda kun saba."

Lahadin nan ta tashi a lokacin shaida ta ce an jarabce ta, amma zuciyarta tana nan fes, ba ta jin haushin kowa. Muka ce amin.

Ranar Talata aka yi biki a ƙauyen da ke ƙetare, kowa ya tafi cin nama. Da yamma Lakay Camsol ya dawo ya tarar an sassare tiyonsa da adda, gunduwa bakwai. Tiyo a lokacin sai an je Baguio, kuma mota sau biyu take zuwa a mako. Dashensa na kabeji, kwana goma da sawa, ya fara kwanciya.

Ba wanda ya kawo Prisca a rai. Dencio aka kama, mijin 'yar tsohon, don makon da ya wuce sun yi cacar baki kan iyakar gona, kuma shi bai je biki ba. Ya rantse har ya gaji. Dattawa suka sa ranar Litinin za a zauna, kuma kowa ya san hukuncin: alade guda. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma gidan ubanta.

Ranar Asabar muna cirar ciyawa a cikin karas, ni da ita. Na lura kwana huɗu ba ta cin abinci, sai dai ta dafa wa yara. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ading, ni ce."

"Ke ce me?"

"Tiyon tsohon nan. Ni na sare shi."

Na zauna daɓas a kan kunya. Na ce, "Manang, ki je masa a ɓoye. Ki ce ya janye maganar Dencio, a saya masa wani tiyon, ba wanda zai ji. Kin san yadda suke jiran mu yi tuntuɓe. Cocin gaba ɗaya za a yi wa dariya."

"A yi," in ji ta. "A gaban mutane na tashi na ce zuciyata fes. A gabansu zan faɗi wannan."

Washegari, da Fasto Ambros ya ce ko akwai mai shaida, ta riga kowa miƙewa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma rage murya ba. Ta ce ranar Talata ta ce wa mijinta kanta na ciwo don kada ta je biki. Ta ce ta wasa addar tun ranar Litinin da dare, saboda haka kada wani ya ce ɓacin rai ne ya zo mata farat ɗaya. Ta ce shaidar da ta bayar makon jiya ƙarya ce, tun a lokacin tana jin kamar ta shaƙe tsohon. Ta ce ta ji ana kama Dencio ta yi shiru kwana huɗu. Sannan ta zauna.

Manong Sebio ya rufe fuska da hularsa. Wata da Prisca ta taɓa yi wa faɗa kan 'yan kunnen 'yarta ta ce a bayana, yadda kowa zai ji, "Ashe dai ba ta samu tsarkin ba tun farko."

Bayan an tashi Prisca ta tare faston a bakin ƙofa, ina tsaye. Ta ce, "Fasto, tambaya ɗaya. Saiwar nan da ka ce ana tonewa, an tone tawa ko ba a tone ba?"

Ya ce, "Manang, ban ga cikin zuciyarki ba, ba zan yi miki ƙarya in ce na gani ba. Abin da na sani shi ne, Priscar da na tarar a ƙauyen nan, da ita ce ta sare tiyo, da ta kwanta ta yi minshari, Dencio ya kawo alade ta je ta ci naman. Wadda ke gabana ta kasa haɗiyar shinkafa. Abin da aka ba ki a filin makaranta ba kaya ne da za ki kulle a akwati ki zauna gadinsa ba. Kullum ake komawa wurin wanda ya bayar. Ke kuma kin shagala da shinshina bakin wasu."

Na ɗauka za ta yi masa. Sai ta ce, "Wannan gaskiya ne. To in koma bagade?"

"Ki koma. Amma durƙusonki ba zai shayar da kabejin Lakay ba. Fara zuwa can."

Ranar Litinin ta riga dattawa zuwa wurin zama. Labari ya riga ya kai, har mutanen ƙetare sun zo kallo. Dencio ta fara nufa. Ta tsaya a gabansa ta ce, "Ading, na cuce ka. Ka yafe mini." Ya juya ya tafi ɗauko matarsa. Ya yi kusan shekara kafin ya sake gaishe ta.

Lakay Camsol yana zaune a kan dutse yana taunar moma, fuskarsa fal murna kamar ranar aurensa.

"A'a, Uwar Tsarki! Wai ashe ku ma kuna wasa adda? Na ɗauka da addu'a kuke yanka."

"Ni na sare, Lakay. Faɗi abin da za ka faɗa."

"Gunduwa bakwai! Ɗaya ba ta ishe ki ba? Ko a cocinku sai an cika bakwai ake samun lada?"

Mutane suka kwashe da dariya. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, amma ta tsaya ƙyam. Dattawa suka ce ta kawo alade da sabon tiyo. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce alade a bai wa Dencio, shi ne aka ɓata wa suna. Tiyo kuma ba ya so.

"Ruwa nake so. Ta ɗebo daga rafin ƙasa ta shayar mini da gona, safe da yamma, har sama ta zubar. Da kafaɗarta, ba da ta mijinta ba."

Rafin ƙasa yana da nisa, kuma hawa ne tsantsa. Dattawa suka ce abin ya yi yawa. Prisca ta ce ta yarda. Sannan ta juya ta dube shi ta ce, "Nawa laifin na ɗauka, Lakay. Naka na ɗaga bakin tiyo yana nan, ban ɗaukar maka shi ba. Ba don in rage nawa na faɗa ba, don gida takwas ke shan ruwan nan."

A zaman nan ne dattawa suka raba wa gidajen ranakun jan ruwa, kuma har yau a kan wannan tsarin muke.

Mako biyar ta yi tana ɗiba. Garwa biyu a sanda, sawu goma sha biyu da safe, goma sha biyu da yamma, ga tata gonar. Kafaɗarta ta saɓule, ina shafa mata man kwakwa. Tsohon kuwa ya sa aka kai masa kujera bakin gonar, yana zaune yana ba da umarni.

"Wancan na lungu bai sha ba, Uwar Tsarki. Ko shi ma arne ne?"

"Zai sha, Lakay. Ka janye ƙafarka kada in yi maka baftisma."

Haka suke yi kullum. A mako na uku ya fara zuwa da kofi a kwalba, ya ce ya yi masa yawa ne. A mako na huɗu ya ce ta bar na yamma, ta ce ba haka aka yi da dattawa ba. Ranar da ruwa ya sauko tana tsakiyar gangare da garwa cike. Ta ƙarasa da su ta juye a gindin kabejin, ruwan sama na dukanta, sannan ta ajiye sandar a gabansa ta tafi gida. Kashi biyu cikin uku na dashen ya rayu.

Bayan wannan ba ta sake cewa zuciyarta fes ba. Ba ta kuma daina gaskata koyarwar ba, ko kaɗan. Idan wani ya ce abin ba ya yiwuwa, mutum ba ya rabuwa da halinsa, takan ce, "Ni na san abin da aka cire mini, na kuma san ranar da na juya baya na je na ɗauko. Kada ka ɗora wa Allah nawa." Ta bar gadin ƙofar coci. Wanda ya zo yana warin giya, kusa da shi take zama don kada ya ji kunya ya fita.

Lakay Camsol bai taɓa taka cocinmu ba har ya mutu, bayan shekara tara. Aka yi masa makoki irin na da, kwana bakwai, ana yanka aladu ana kiran sunayen kakanni, giya randa-randa. Mutanenmu yawanci sukan je su yi gaisuwa su fito. Prisca ta ɗauki babbar tukunyarta ta tafi, ta kwana bakwai tana dafa wa masu makoki shinkafa. Naman hidima ba ta ci ba, giya ba ta taɓa ba, dankalinta take gasawa a gefen murhu. Wasu a coci suka kai ƙara cewa ta zauna cikin masu tsafi. Da dattawan ikilisiya suka kira ta, ta ce, "Mutane ɗari biyu sun zo daga nesa, 'yarsa ita kaɗai ce, ga ciki. Idan tsarkin nawa hayaƙin makoki zai ɓata shi, to ba shi da ƙarko. Akwai wata tambayar?" Babu wanda ya yi wata.

Manong Sebio ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. 'Ya'yanta biyar duk sun yi karatu, biyu suna Baguio, ɗaya tana aikin jinya a ƙasar waje, kuma kowannensu ya yi ya yi ta koma wurinsa ta ƙi. Yanzu shekarunta tamanin da ɗaya, gwiwa ta hana ta gona. Cocin katako ya zama na bulo, faston yanzu sa'an jikanta ne, yana zuwa da jita da lasifika. Ta gaya masa waƙoƙinsa sun cika maimaici, amma wa'azinsa ba laifi.

Ita ke jagorantar matan da ke zaga marasa lafiya ranar Alhamis. Ba ta tambayar ko mutum na wane coci ne, ko ma ba ya zuwa. Makon jiya gidan wata mai shanyewar ɓarin jiki muka nufa, a can ƙasan ƙauye. Na ce ta zauna mu je mu dawo, hanyar da santsi. Ta ce in riƙe tukunyar faten in bar mata maganar hanya. Muka sauka a hankali, tana dafa sanda da hannu ɗaya, ɗayan a kafaɗata. Da muka isa ta sa aka dafa ruwa, ta wanke wa matar kai, ta taje mata, ta ba ta fate cokali-cokali, sannan ta ce mu sunkuyar da kai mu yi addu'a.